Fensirin da Na Goge a Landan

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da na ɓoye tun kafin in faɗa. Sunana Sule, baduku ne ni ɗan baduku, daga cikin birnin Kano. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni. Na yi shekara biyu da 'yan watanni a Landan lokacin ina da shekara hamsin da 'yan kai, kuma a can na jawo wa wata baiwar Allah asarar aikin da take riƙe gidanta da shi. 'Ya'yana sun san na je Ingila na dawo. Wannan ɓangaren ne ba su sani ba.

Zangona na farko Barking ne, wata unguwa a gabashin Landan. Wani mutum da zan kira Alhaji Ɗanliti shi ya kawo ni, a kan cewa za a yi baje kolin kayan hannu, daga nan kuma ya buɗe mini shago. Ranar da muka sauka ya ce in kawo fasfona ya adana mini, na ba shi. Shagon da aka yi mini alkawari sai ya zama garejin mota a bayan wani gida, da katifa a gefe guda da 'yar hita. Wata bakwai na yi a nan ina ɗinka jakunkuna da takalma, yana zuwa duk Juma'a ya kwashe. In na tambayi baje koli sai ya ce, "An yi cancel, Malam Sule, amma na yi booking na wani." In na tambayi fasfo sai ya ce yana hannun lauya.

Sanyi yakan sa fata ta yi tauri, yatsuna ma su yi tauri, har basilla ta riƙa suɓucewa daga hannuna. Babu wanda nake magana da shi sai jirgin ƙasa da ke wucewa ta bayan katanga. Abin da na fi kewa ba abinci ba ne, hayaniyar rumfarmu ce, inda mutum biyar za su zauna suna aiki suna zolayar juna daga safe har la'asar.

Wata Juma'a Alhaji bai zo ba. Ta gaba ma bai zo ba. A ta uku sai mai gidan ya zo da sabon kwaɗo. Dattijo ne, ba na jin maganarsa sosai, amma ya tsaya na kwashe kayan aikina, sannan ya shiga gida ya fito mini da wata tsohuwar kwat mai kauri. Ita na sa har na bar ƙasar.

Zango na biyu Lewisham. Wani a masallaci ya ce in je can, 'yan Najeriya sun yi yawa. Gaskiya ne sun yi yawa, amma kowa da abin da ke gabansa. Kwana uku ina yini a kasuwa ina sauraron bakin mutane ko zan ji Hausa. A rana ta uku wata mata mai jiki, da lulluɓi a kan rigar sanyi, hannun jakarta ya tsinke a gabana, albasa ta watse a ƙasa. Na taya ta tsincewa, na duba inda ya tsinke, na ce a raina amma da ƙarfi, "Wannan ɗinkin na malalaci ne."

Ta juyo da sauri. "Kai! Wa ya yi Hausa a nan?"

Na ce ni ne. Na zauna a kan benci na fito da basilla da zare na ɗinke mata. Tana tsaye a kaina tana tambaya. Sunanta Salamatu, kowa Mma yake ce mata, 'yar zangon Kumasi ce, Hausarta irin tasu ta can.

"Malam Kano, ina ka kwana jiya?"

"A ɗakin Allah."

"Ɗakin Allah ba shi da bargo. Ina takardunka?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗinki.

"Na gane. Ɗauki jakan nan, mu tafi. Maigida yana bukatan namiji ya ɗaga shi, ni bayana ya gaji."

Haka na isa zango na uku, Plumstead. Flat ne na council, wato gidan hayar hukuma, a hawa na biyu. Mijinta Malam Isaka a da direban bas ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi shekara uku. Magana tana yi masa wuya, amma yana dariya da ido. Ni nake ɗaga shi, in yi masa wanka, in riƙe masa buta, in kwana a falo. Mma kuma tana fita tun da safe. Wani kamfani da suke kira agency yake tura ta sharar gidaje, gida biyar a mako. Gidajen nan biyar su ne tuwon gidan, su ne wutar hita, su ne abin da ake aikawa Kumasi. Ban taɓa jin ta yi mini gori ba. Doka ɗaya ta kafa mini: "Tunda biza naka ya mutu, kar ka yi gudu a titi ko bas zai wuce ka, kar ka yi gardama da kowa. In ka ga police, ka yi tafiya kamar ubanka ne ya gina garin."

Cikin gidajen biyar akwai wanda ta fi so, a Blackheath, bayan wani makeken fili mai ciyawa. Gidan wata tsohuwar Bafaranshiya ce, Madam Odil, ta haura tamanin. Mawaƙiya ce a zamaninta. Mijinta Bature ɗan Ingila shi yake kaɗa mata fiyano, shekara arba'in suna tare, ya rasu shekara huɗu kafin zuwana. Idanunta sun yi rauni, haske da inuwa kawai take gani. Wata rana Mma ta dawo ta ce, "Madam ya taɓa jakana ya ji ɗinkinka. Ya ce yana da takardu, jakansu ya ruɓe, ka zo ka yi mishi sabo. Amma agency bai sani ba, 'yarshi ma bai sani ba. In an tambaya, kai ƙanin maigida ne, ka rako ni."

Ranar Asabar na fara zuwa, kuma ranar na fara jin waƙoƙin. Muna shiga na ji muryar mace daga ɗakin fiyano, siririya, tana hawa a hankali kamar mai tsoron tayar da wani daga barci. Ba ganga, ba 'yan amshi, ba kirari. Na ce wa Mma, "Rasuwa aka yi?" Ta ce, "Rufe baki, karatu ake."

Mai waƙar ta fito shan ruwa, na ga mace ce baƙa mai kimanin shekara arba'in da biyar, da ɗankwali. Ta dube ni ta ce, "Baba, sannu da zuwa, ina gajiya?" Na kusa zubar da abin da ke hannuna. Dakta Rakiya ce, likitar yara, 'yar Maraɗi. Ta yi karatu da Faransanci tun tana ƙarama, kuma shekara biyu ke nan tana zuwa wajen Madam duk Asabar, don a cewarta in ba ta yi haka ba asibiti zai cinye ta. Ita ta yi mini bayani. Wani mutum ne a Faransa, ya rasu wajen shekara ɗari da suka wuce, yakan ɗauki baitocin da marubuta suka tsara ya sa musu karin murya da kiɗan fiyano. Kowace waƙa gajeriya ce, minti biyu ko uku. Wata a kan lambu da yamma, wata a kan jirgin ruwa da ya tafi ya bar mutum a gaɓa, wata a kan wanda ya yi mafarki ya farka bai ga kowa ba.

"To ina 'yan amshi?" na tambaya.

Ta yi dariya. "Fiyanon nan shi ne ɗan amshi, Baba. Wani lokaci ma shi ke faɗin abin da mai waƙa ta kasa faɗa."

Madam ta sa aka kawo takardun. Sako-sako ne kamar Alƙur'anin hannu, sun yi ruwan ƙasa, gefensu ya cinye, a cikin wani kwali da ya rabe biyu. A kowane shafi layuka ne biyar-biyar da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, kamar talibambam a kan igiyar shanya. Ta ɗora tafin hannunta a kansu ta yi magana, Dakta ta fassara: ba sa fita daga gidan nan, ba a ɗora su a injin kwafi, ba a ɗaukar hotonsu. Na ce na ji. Na gaya mata irin abin da muke yi wa Alƙur'ani, tadarishi mai tauri da zai riƙe takardun, sannan gafaka ta jar fata da za a zura shi ciki. Ta ce haka take so.

Aka ba ni wani ɗan ɗaki ta wajen lambu. Talata da Asabar nake zuwa, ranakun da Mma take aiki a gidan. Ranar Asabar ina ɗinki ina jin su ta bango. Dakta za ta fara, Madam ta buga sanda a ƙasa, a tsaya, a koma baya. Wani lokaci a kan kalma ɗaya za su yi rabin awa. Da farko abin yana ba ni haushi. Daga baya na lura ina dakatar da basilla in an zo wani wuri a waƙar jirgin ruwan nan, inda murya take sauka ta yi shiru fiyano ya ci gaba shi kaɗai. Ban san ko kalma ɗaya ba, amma nan ne kullum nake tuna matata Hajara tana tsaye a bakin zaure.

Yanzu ga inda na yi kuskure, kuma ina so a fahimci yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. A sana'armu, kafin ka yanka fata kana zana ta da fensir. In aiki ya ƙare, ba a barin ko ɗigon zanen. Babana, Allah ya jiƙansa, yakan ɗaga gafaka ya kai wajen haske, in ya ga layin fensir sai ya jefo maka ita ya ce ka bar ƙazantarka a kayan mutane. Kuma in malami ya kawo tsohon littafi a yi masa sabuwar gafaka, ba ma mayar masa da shi da datti. Mukan goge shafukan, mu cire zane-zanen da yara suka yi. A wajenmu abin da aka tabbatar shi ake sa wa tawada. Fensir na kafin aiki ne.

Takardun Madam cike suke da fensir. 'Yan ƙugiyoyi a saman layi, da'irori, lambobi, dogayen layuka masu lanƙwasa, wasu kalmomi a gefe. Wasu an danna su da ƙarfi, wasu sun dushe har da kyar ake ganinsu. Na ɗauka aikin ɗalibai ne da suka yi ta wucewa ta hannunta, ita kuma ba ta gani balle ta hana. Talatar ƙarshe, 'yarta ta kai ta asibitin ido, Mma tana sama tana goge-goge. Na fito da sabuwar kilina ta goge fensir da na saya a Lewisham musamman. Daga azahar zuwa la'asar na bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kar takarda ta yage, ina hure garin. Da na gama na jera su na zura a gafaka, ina jin daɗi a raina. Ban gaya wa kowa ba. So nake Dakta ta buɗe ta gani ta yaba.

Asabar ɗin Madam ta ce in shigo ɗakin fiyano a gode mini. 'Yarta Kilara tana nan, doguwa mai saurin magana, ta zo ne saboda taron tunawa da mahaifinta da za a yi bayan wata biyu, inda Dakta za ta rera waƙoƙin. Madam ta shafa gafakar, ta shinshina fatar, ta yi murmushi. Ta miƙa wa Dakta ta ce a fara.

Dakta ta zaro shafin farko ta ɗora a kan fiyano. Ta tsaya. Ta zaro na biyu, na uku. Ta ce wani abu da Faransanci a hankali. Madam ta ce mene ne. Ta maimaita.

Ban taɓa jin irin ƙarar da tsohuwar nan ta yi ba. Ba ihu ba ne, kamar an taka mata ƙirji ne. Ta miƙa hannu aka ba ta takardar, ta kai ta dab da idonta, ta juya ta wajen taga, tana shafawa da yatsa.

Dakta ta juyo wajenmu ta yi Hausa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kun san abin da aka goge? Masu ƙarfin nan hannun mijinta ne, shekara arba'in. Inda za a ja numfashi, inda za a sassauta, inda fiyano zai jira murya. Masu dushewar kuma na malaminsa ne, shi kuwa daga bakin mai waƙoƙin da kansa ya karɓa. Babu su a ko'ina a duniya sai a nan."

Sai a lokacin na gane. Abin da alaramma yake karɓa daga bakin malaminsa, shi ma daga nasa, shi na bi da kilina.

Kilara ta fito da waya. Turancina kaɗan ne, amma na ji "police" sau biyu, na ji tana tambaya wane ne wannan mutumin, me yake yi a gidan uwarta. Na ga kaina a bayan mota, na ga kaina ana saukar da ni a Kano da ankwa, ba ko tsarabar sabulu. Dakta ta dube ni cikin ido.

"Baba, kai ka yi aikin takardun nan. Ka taɓa rubutun?"

Na ce, "Ni fata kawai na ɗinka."

Mma tana bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ta dube ni, ba ta daɗe ba. Sannan ta tako tsakiyar ɗakin ta yi wa Kilara Turanci. Ta ce ita ce. Ta ce ta ga takardun a tebur da datti ta goge, ba ta sani ba. Ta ce wannan ƙanin mijinta ne, tela ne kawai, ba ya ko jin Turanci. Kilara ta ajiye maganar 'yan sanda, ta ce Mma ta ba ta mabuɗin gidan, kuma ranar Litinin agency za su ji daga gare ta. Madam tana zaune da takarda a cinya. Mma ta ciro mabuɗin daga zariyar siket ɗinta ta ajiye a kan fiyano.

Muka hau bas, har muka wuce Woolwich. Can na ce, "Mma..."

"Kar ka ce komai. Ni ina da takarda, ba wanda zai sa ni a jirgi. Wata ɗaya su manta."

Ba su manta ba. Ranar Laraba aka kira ta aka ce an dakatar da ita daga dukkan gidajen biyar, sai an yi bincike. Mako ya wuce, biyu suka wuce. Kullum da safe takan sa kwat ta fita neman aiki, ta dawo da yamma ƙafafunta a kumbure. Aka fara kashe hita da rana, ina lulluɓe Malam Isaka da bargo biyu. Nama ya ɓace daga miya. Duk da haka in ta tuƙa tuwo nawa malmala biyu ne kamar da. Ina ci. Wallahi ina ci, ina kallonta tana danna waya tana cewa, "Hello, ni ne Salamatu, ko akwai wani abu?" Malam Isaka bai san me ya faru ba, amma ya daina yi mini dariyar idon nan. Ko kuma ni ne na daina kallon idonsa.

Kullum ina ce wa kaina gobe zan je. Gobe ta yi sai in ce ai ita ta zaɓa, in na yi magana na ɓata mata sadaukarwarta. Wannan hujjar ta yi mini daɗi ƙwarai, don ta bar ni a inda nake. Mako biyar na yi a kanta.

Abin da ya tashe ni ƙarami ne. Wata safiya na ga Mma a kicin ta cire takalminta tana cusa kwali a ciki, tafin ya huje. Baduku yana kwana a falonta, ba ta kawo masa ba. Ta gwammace kwali.

Asabar ce. Na sa kwat na hau bas zuwa gidan Madam ni kaɗai, karo na farko ba tare da Mma ba. Dakta ce ta buɗe ƙofa. Ba ta gaishe ni ba.

"Na zo in faɗi gaskiya," na ce.

"Na san gaskiyar, Baba. Na ga garin kilina a ɗakin lambu tun ranar. Jira nake in ga ko kai ka san ta."

Ta kai ni gaban Madam. Tsohuwar ta rame. Na durƙusa na faɗi komai, har da maganar babana da fensir, har da cewa ba ni da takarda. Dakta tana fassarawa ba ta rage ba. Da na gama Madam ta yi magana, Dakta ta juyo mini da ita: "Ta ce da ka faɗa ranar, da ta ce ita ta kira ka, ita ta ba ka takardun ba ta yi maka bayani ba, da maganar ba ta fita ɗakin nan ba. Ta ce ta yi fushi da Salamatu ne saboda shekara shida tana gidan nan, ta san mene ne takardun. Kai ba ka sani ba."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Sai na roƙi a ba ni shafi ɗaya in duba. Dakta ta yi jinkiri, Madam ta ce a ba ni. Na kai shi taga na kwantar da shi yadda haske zai zo ta gefe, kamar yadda muke duba zanen da aka danna a fata. Fensir ya tafi, amma inda mijin ya danna, takarda ta riƙe sawun. Na nuna wa Dakta wata 'yar ƙugiya. Ta sunkuya, ta ce, "Numfashi ne." Ta faɗa wa Madam wurin. Tsohuwar ta ɗaga kai ta rera layin da muryarta da ta tsage, ta tsaya daidai inda ƙugiyar take, ta ja numfashi, ta ƙarasa. Sannan ta rufe fuska da hannu.

Asabar huɗu muka yi a haka, ni ina nemo sawu, Dakta tana kwafewa a wata takarda daban, don Madam ta ce babu mai sake sa fensir a kan na asali. Na mijin mun samo fiye da rabi. Na tsohon malamin, da hannunsa ba shi da nauyi, ba mu samo ko ɗaya ba. Sun tafi, kuma ni na tafi da su.

Madam ta sa Kilara ta rubuta wa agency cewa kuskure aka yi. Suka amsa cewa sun gode, amma gidajen an riga an raba wa wasu tun mako na uku, in wani ya samu za su kira. Ba su kira ba. Madam ta mayar da Mma da kanta, safiya biyu a mako. Sauran kwanakin sai a wajen wankin kaya na wani gidan tsofaffi ta samu, bas biyu daga Plumstead, tsaye daga safe har yamma. Ranar da na gaya mata na je na faɗa, tana tuƙa tuwo ne. Ba ta juyo ba.

"Yanzu?" ta ce. "To, sannu da ƙoƙari."

Ban iya ci gaba da zama a gidan ba. Dakta ta raka ni ofishin jakadancinmu aka ba ni takardar komawa gida. An yi taron tunawar kwana uku kafin in tashi, ban je ba. Dakta ta ce Madam ta zauna a gaba, leɓenta yana motsi tun daga farko har ƙarshe.

Ranar tafiyata na yi wa Malam Isaka wanka na ƙarshe, na gyara masa matashi. Mma tana shirin fita aiki, ta ƙulla mini gari da yaji a leda. A bakin ƙofa na tsaya na ce, "Mma, don Allah ki yafe mini."

Ta gama ɗaura lulluɓinta tukuna.

"Na takardu na yafe tun a ɗakin, Malam Kano, ba ka sani ba ne. Ƙaryan da na yi ma ni na so, tsakanina da Allah ne. Amma sati biyar da ka zauna kana cin tuwona kana kallona, wannan ka ba ni lokaci."

Ta duba agogo ta ce bas zai wuce ta, ta sauka.

Yau shekara goma sha huɗu ke nan. Malam Isaka ya rasu, Madam ma ta rasu. Duk Sallah ina kiran Mma, tana ɗauka, mu gaisa, ta tambayi Hajara da yara, in tambayi ƙafarta. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma ba ni da bakin da zan ce mata lokacin ya yi. Na kusa saba'in. Ina jira.